Yaye na Biyu

Likita Gülizar ta ɗora ta a kan sikeli,
ta dubi allura, ta dube ni.
"Kilo uku da rabi, Nevzat.
Wannan ta wuce jaririya."

Na ce ai jiya-jiyan nan ne
na tsince ta bayan rumfar Rüstem mai kifi,
cikin kwalin lemo da ruwan sama ya jiƙa,
ido a liƙe, jiki duk ƙashi,
kukanta bai kai na tsohon ƙyaure ba.
Ta ce, "Jiyan taka ta shekara."

Ta juya takardar magani ta yi mini bayani a bayanta:
abincin ƙanana maiƙo gare shi,
don mai ginin ƙashi aka yi shi.
Wadda ta gama gini, in ta zarce da shi,
tumbi za ta ajiye, ba tsawo ba.
Da irin manyan nan ce masu gashi buzu-buzu
da an ƙara mata 'yan watanni.
Zeytin kuwa 'yar titi ce, ta kai inda za ta kai.

"Amma ban da sauyin dare ɗaya,
ciki ba ya son ba-zata.
Fara da kashi ɗaya sabo, uku tsoho.
Sannan rabi da rabi.
Sannu-sannu har kwana goma,
ta wayi gari ba ta san an raba ta da komai ba."

Na hau jirgin ruwan ƙarfe biyar zuwa Karşıyaka
da sabon buhu a kan cinya.
Shekara talatin na yi ina yankan tikiti a mashigar nan ta Izmir,
na ga masu katifa, na ga masu keken ɗinki,
ban ga kayan da ya kai wannan nauyi ba.
Kilo biyu ne kacal.

Ranar farko ta sunsuna, ta ɗago kai,
ta yi mini kallon wanda aka ba canji bai cika ba.
Ta tsince ƙananan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya,
ta ture manyan gefen kwano
kamar tsakuwa a cikin shinkafa.
Hannuna har ya kai bakin tsohon buhu.
Na janye shi.

Daren nan Feride ta kira daga Hamburg.
Na ce, kin ci abinci? Kina sa rigar sanyi?
In aiko miki da zaitun da cuku?
Ta yi dariya. "Baba, shekarata talatin da ɗaya.
Ni ce ke yi wa mutane allura yanzu."
Na ce na sani.
Kai ne ya sani.
Hannu yana nan kan awon da ya saba.

Ita ba wanda ya ba ni kwana goma.
Akwati ɗaya, safiya ɗaya, ƙofar filin jirgi.
Babu rabi da rabi.

Rana ta huɗu Zeytin ta ci tana gunaguni.
Ta bakwai, ina kwance da asuba
na jiyo garas-garas daga ɗakin girki,
tauna irin ta mai haƙoran gaske.
Ta goma ta lashe kwano tas,
ta haye taga, ta wanke fuska,
ta zuba wa tsuntsayen teku ido,
jelarta na kaɗawa.
Ko waiwayo.

To wa aka yaye a gidan nan?

Tsohon buhu saura kusan rabi.
Na naɗe bakinsa na kai wa Rüstem,
don wata ta sake haihuwa bayan rumfa,
huɗu, cikin kwandon da ya daina amfani da shi.
Ya ce, "Ɗauki ɗaya mana."
Na ce a'a, na gama reno.

Na dai tsuguna ina kallon mai baƙin kunnen nan
har shayin da ya miƙo mini ya huce.